Magana Tsakanin Matuƙi da Ma'aikatan Ƙasa Lokacin Tura Jirgi da Tayar da Inji



Gabatarwa

Jirgin fasinja ba ya barin matsayarsa da ribas kamar mota. Wata mota ce ta musamman ke kama ƙafarsa ta gaba ta tura shi baya. A wannan lokaci matuƙi ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancin jirgin, balle wutsiya. Duk wanda ya ga yaron mota yana yi wa direban tirela jagora a tasha ya san halin da ake ciki, sai dai a nan injin da ke gefe yana iya zuƙe mutum. Abin da takardar nan ke son tabbatarwa shi ne ma'aikacin da ke sanye da na'urar magana a kunne shi ne idon matuƙi, don haka kalmominsa sun cancanci horo irin wanda ake ba matuƙi.

Yadda aikin ke gudana

Ma'aikacin kan jona wayarsa a wata kafa kusa da ƙafar gaba, ya shaida wa matuƙi cewa ƙofofi a rufe suke kuma an sa sakatar da ke kashe sitiyari. Ba don wannan sakata ba, ƙarfin man haidurolik zai yi jayayya da motar turawa har sandar da ta haɗa motar da jirgin ta karye. Matuƙi ya nemi izini daga hasumiya, ya kunna jar fitila mai walƙiya, wadda ke nufin kowa ya kauce. Daga nan magana ta zama ta ba ni in ba ka: "Saki birki." "An saki birki." Shiru ba amsa ba ne a nan. Haka ma tayar da inji, wanda kan samu iska daga ƙaramin injin da ke wutsiya: ba a taɓa maɓalli sai na ƙasa ya ce gaba da bayan injin babu kowa.

Idan an gama turawa, a sake kama birki, a cire sanda, a zare sakata. Sai ma'aikacin ya koma gefe inda matuƙi zai hange shi, ya ɗaga sakatar da jan ƙyallenta. Gani ya kori ji. Idan waya ta lalace, akwai alamun hannu da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tsara: dunƙule hannu shi ne kama birki, buɗe shi saki, jan hannu a maƙogwaro kuma kashe inji.

Inda igiya ke tsinkewa

A watan Disamba na 2015, a filin jirgin Mumbai na ƙasar Indiya, injin wani Airbus A319 na kamfanin Air India ya zuƙe ma'aikacin ƙasa bayan an gama turawa. Jirgin ya motsa alhali mutumin bai bar kusa da shi ba. An tsallake matakin tabbatar da cewa kowa ya fita, rai ya salwanta.

Akwai kuma batun harshe. ICAO ta wajabta wa matuƙa da jami'an hasumiya mataki na 4 na ƙwarewa a Turanci, amma wannan sharaɗi bai haɗa da mai tura jirgi ba. A Kano lokacin jigilar alhazai, baƙon matuƙi kan yi magana da ma'aikacin da bai taɓa gani ba, cikin ƙarar injuna da matsin lokaci.

Shawarwari

Na farko, hukumar sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, da kamfanonin hidimar ƙasa su tsayar da jimloli iri ɗaya, a riƙa jarraba ma'aikata a kansu. Na biyu, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya ta riƙa haɗa ɗalibai matuƙa da ma'aikatan ƙasa a atisaye guda. Na uku, a ba mafi ƙanƙantar ma'aikaci ikon cewa "tsaya" ba tare da tsoron hukunci ba, domin sau da yawa shi ke ganin abin da kyaftin bai gani ba.