Jawabin Uwar Zumunta Mai Barin Gado a Ranar Rufe Taron Keɓewa da Naɗa Sababbin Shugabanni

 

Minti goma sha biyar aka ba ni. Mai bi da waƙa ta ce in na wuce za ta sa a kaɗa tulu a rufe mini baki. Zan yi ƙoƙari, amma ku yi wa tsohuwa haƙuri. Shekara shida ke nan ina kan wannan kujera, yau ce kuma rana ta ƙarshe da ya zama muku dole ku saurare ni.

Ranar Alhamis da muka iso, kun tuna kwandon da aka ajiye a bakin ƙofa aka ce kowa ta saka wayarta. Na tsaya ina kallon fuskokinku, kamar an ce ku ba da ɗan fari. Wata ta ce mini, "Mama, maigidana fa ko inda gishiri yake bai sani ba." Na ce mata yunwa za ta nuna masa. A daren nan na farko an shirya addu'a har sha biyu, amma kafin ƙarfe goma rabin ɗakin minshari yake yi. Da safe wasu suka zo mini da kunya, wai sun zo neman fuskar Allah sun ɓuge da barci. Abin da na gaya musu a gefe, bari in maimaita shi a gaban kowa. Ku duba labarin annabi Iliya a Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel, ga shi ya gudu jeji, ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko masa bai buɗe wa'azi ba. Abinci ya ba shi da ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sāke tashe shi ya ci. Sai da ƙarfi ya dawo aka yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, can ne aka yi magana. A Markus sura 6 ma, Ubangiji ya janye almajiransa zuwa wurin da ba kowa domin jama'a sun hana su ko sukunin cin abinci. Wace ce a cikinmu ba ta san cin tuwo a tsaye ba, yaro a baya, wani yana jan zane? Barcin da kuka yi yana cikin abin da ya kawo mu.

Waɗanda suka kawo mana bishara da kaburbura suka koyi wannan darasi. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Ikko: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 an binne biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya dawo, ya sāke komawa, sai a 1902 aka samu aka kafa tasha a Pategi. Daga baya mishan ɗinsu, wato SIM, ya gina gidan hutu a Miyango kusa da Jos, domin sun gane ma'aikacin da ba ya hutawa ba ya daɗewa a gona. Kuma tun da iyayenmu maza suna nan zaune, bari in ƙara wani abu su ji da kyau. Wadda ta zaunar da Bingham a ɗakinta a birnin Toronto na Kanada, ta yi ta ba shi labarin wannan ƙasa har nauyin ya kama zuciyarsa, mahaifiyar Gowans ce. Ekklisiyarmu ta ECWA da ta tsaya da ƙafarta a 1954, in kun bi saiwarta, za ku tarar ta ratsa ta ɗakin wata uwa. Baba Rabaran, shugaban gundumarmu, a riƙa faɗar wannan a kan bagadi.

A ɗakin kwananmu akwai Birom, akwai Irigwe, akwai Atyap, Tangale, Gbagyi, Angas da Hausawa. Da kowa za ta yi addu'a da harshen uwarta, da sai dai mu ce amin bisa amana. Tun 1932 da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya sha wahalarsa tare da wasu, kakanninmu suka samu harshen da za su yi kuka da waƙa tare. Jiya da dare, da aka haɗa tulu da caki, ban iya rarrabe muryar kowa ba.

To, yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyi, na kuma nemi izinin mai shi kafin in faɗa.

Bara waccan muka tara kuɗin zanen zumunta. Da kaya suka iso aka ƙirga, lissafina ya nuna turmi biyar ba su. A tsakiyar taro, gaban mata, na juya na ce wa ma'ajiyarmu, "Kuɗin Allah dai ba ya ciwuwa." Ba ta ce uffan ba. Ta naɗe littafinta ta sa a jaka. Bayan mako biyu ina duba nawa littafin a gida, sai na ga ni ce na rubuta sunan reshe ɗaya sau biyu. Ko zare bai ɓace ba. Na rufe littafin, na rufe bakina. Na ce wa kaina magana ta riga ta wuce, tono ta zai ƙara ɓata abu. Ƙarya nake yi wa kaina, girman kai ne kawai. Wata goma sha huɗu muna gaisawa, "Sannu Mama," "Yawwa sannu," muna sa zane iri ɗaya, muna jere a layi ɗaya ranar jibin Ubangiji. Ni ce kuma nake tsayawa ina koya wa mata abin da Matiyu sura 5 ya ce a kan mai kawo baiko alhali ɗan'uwansa yana riƙe da shi a zuciya.

Ranar Juma'a da dare, bayan an watse, na fita bayan kicin na same ta ita kaɗai tana kankare tukunyar gwate, ta maƙale tocila a hammata. Na karɓi tocilar na haska mata. Mun fi minti biyar ba abin da ake ji sai ƙarar cokali a gindin tukunya. Da na buɗe baki, duk jawabin da na shirya ya gudu, abin da ya fito shi ne, "Kuskuren a littafina yake." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Na sani, Mama. Tun ranar na sani. Jira nake ki zo." 'Yan'uwa, na sha wa'azi mai daɗi a wannan taro, Allah ya sāka wa masu koyarwarmu, amma a gindin tukunyar nan aka sabunta ni. A gaban mata na zarge ta, don haka a gabanku nake wanke ta: hannunta tsarkakakke ne, ni ce na yi laifi.

A wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, sura 4, akwai mata biyu, Afodiya da Sintiki. Ba 'yan kallo ba ne, sun yi fama tare da shi cikin aikin bishara. Sun saɓa, har labari ya kai masa a kurkuku, ya kira sunayensu a wasiƙar da za a karanta a gaban ikilisiya duka. Kusan shekara dubu biyu ana karanta sunayen nan, ba wanda ya san a kan me suka yi faɗa. Wataƙila nasu ma turmi biyar ne. Abin da nake so sababbin shugabanni su lura da shi, Bulus bai bar su su biyu ba, ya roƙi wani na uku ya shiga tsakani. Mu wata goma sha huɗu mata da yawa sun gani, kowa ta ce ba ruwanta. Ke sabuwar uwar zumunta, daga yau da ruwanki.

Ƙanwata, littafin ziyara da zan miƙa miki ya fi na kuɗi nauyi. A ciki akwai gwaurayen da aka kashe mazansu cikin dare, akwai waɗanda suka bar ƙauyukansu suna raɓe a gidajen dangi. Ranar jana'iza kowa yana zuwa, mu ma mukan zo da zanenmu da waƙarmu. Ki je a mako na uku, bayan an kwashe rumfa da kujeru, lokacin da buhun masara ya kai gindi, kuɗin makaranta kuma ya taso. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Saƙon WhatsApp da hoton hannuwa biyu a haɗe bai taɓa share wa kowa tsakar gida ba. Kada kuma ƙafar ta tsaya a ƙofar 'yan ekklisiya kaɗai. Maƙwabciyar da take aiko miki da naman Sallah, ke ma kike aika mata da shinkafar Kirsimeti, in ta yi rashi ki je ki zauna.

Sabuwar ma'ajiya, ki karanta lissafi da babbar murya kowane wata, ko ba wadda ta tambaya, kada kuma ki ƙirga kuɗi ke kaɗai. Wannan kāriyarki ce daga irina. Sai maganar 'yan matanmu masu aikin asibiti da koyarwa da kasuwa: mun sa taro ƙarfe huɗu na ranar aiki, sannan muna cewa ba sa son zumunta. Na kasa gyara wannan a zamanina. Ku ku gyara.

A ranar da Ubangiji ya sāke kama, Bitrus ya so a kafa bukkoki uku a zauna a kan dutse, alhali a gindin dutsen wani uba yana tsaye da ɗansa marar lafiya yana jira. Mu ma motoci suna waje, direbobi sun ce ƙarfe biyu za su tashi. Kwandon wayoyi yana hannun 'yan mata a bakin ƙofa. Roƙona ɗaya ne: duk wadda ta san akwai wadda take gaisarwa da baki kawai a cikin ɗakin nan, ta same ta kafin ta karɓi wayarta. Za mu jira ku, ko direbobi sun yi fushi.

 Wadda na ɓata wa, ta gafarta mini. Sababbin shugabanni, ku taso ku durƙusa a nan gaba. Baba Rabaran, ga 'ya'yanka, a ɗibiya musu hannu.