Amsar Wasiƙa: Wace Matata Ta Dace Da Kwamin Bayan Gida?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga Taloka, cikin ƙasar Goronyo. Wani bawan Allah, manomin albasa, ya ce ya gina kwamin siminti a bayan gida, yana jawo ruwan gulbin Rima da injin ban-ruwa yana cika shi. A nan ake wanki, a nan yara ke wanka lokacin bazara. Amma ruwan jawur yake zuwa, bayan 'yan kwanaki kuma ya koma kore. Ya ji an ce akwai matatar da ake sa wa tafkin wanka na otal, shin ita zai saya?

To Malam, kada ka yi gaggawar fidda kuɗinka. Ita matata, irin dattin ruwa ne ke zaɓenta, da kuma abin da za a yi da ruwan.

Ta otal iri biyu aka fi gani. Akwai mai takarda a ciki. Wannan an yi ta ne don ruwan famfo, in ka ba ta ruwan gulbi mai laka nan da nan za ta toshe. Akwai kuma mai yashi, amma tana son injin da zai riƙa juya ruwa awoyi da dama kullum. Kuɗin fetur kaɗai ya ishe ka.

Abin da ya dace da kai, kai ma za ka iya haɗa shi. Na farko, ɗaura raga a bakin tiyon da ke cikin gulbi, don ciyawa da dodon koɗi. Na biyu, tara ruwan a ganga, ka sa ɗan alif ko dakakkun 'ya'yan zogale, ka bar shi laka ta kwanta. Na uku, sami wata ganga mai lita 200, ka sa mata famfo a ƙasa. Zuba tsakuwa tukuna, sannan yashi mai kaushi, sannan yashi mai laushi a sama, duk a wanke su tas. Ruwa ya bi ta ciki sannu a hankali kafin ya shiga kwami. In ka ga ya rage gudu, kankare yashin sama ka wanke ka mayar.

Shi kuwa koren, gansakuka ce, rana ke raya ta. Yi wa kwamin rumfa, ka riƙa zubar da ruwan kana goge bango duk mako.

Yanzu ga inda nake son ka kasa kunne. Ruwa ya yi garau ba shi ne ya zama lafiyayye ba. Tsutsar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini, daga dodon koɗi take fitowa, ta fata take shiga, ido kuma ba ya ganinta. In ruwa ya kwana 2 a ajiye ba dodon koɗi a ciki, tsutsar ta mutu. Saboda haka kada yara su shiga ruwan da aka jawo yau. A kuma rufe kwamin, don sauro da ƙananan yara masu rarrafe.

Manyanmu sun tuna kurkunu. Ƙyallen tace ruwa ya taimaka ƙwarai har aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013. Amma ƙyalle ba ya tare ƙwayar amai da gudawa, gangar yashi ma ba a dogara da ita ita kaɗai. Ruwan sha, a tafasa shi ko a sa masa kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. Yaron da ke fitsarin jini kuwa a kai shi asibiti, akwai maganinsa.

Allah ya ba da sa'a, ya sa albasa ta yi daraja. Sai mun ji daga gare ku.