Barcin Ƙananan Yara Da Halinsu

Jawabi ga taron iyaye da dattawan ikilisiya na Boɗinga da Shagari



Akwai kukan da muke yawan ji daga malaman makarantar Lahadi: yaro ɗan shekara uku ko huɗu ya cika rigima, yana cizon 'yan'uwansa, abu kaɗan sai ya faɗi ƙasa yana birgima. Mu kuwa mun saba mu ce taurin kai ne, mu ɗauko tsumagiya. Kafin mu ɗauko ta, bari mu tambayi kanmu: awa nawa yaron nan ya yi barci jiya?

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 kowace rana, har da na rana tsaka. Ɗan shekara 1 zuwa 2 kuma, awa 11 zuwa 14. Babba in barci bai ishe shi ba sai ya yi ta hamma. Yaro ba haka yake ba. Shi ƙiriniya yake ƙarawa, da fushi, da kuka ba dalili.

To, mu dubi gidajenmu. Da yawanmu aiki ko kasuwanci ya kawo mu ƙasar Sakkwato, muna zaune a ɗaki ɗaya ko biyu na haya. Talabijin yana kunne har sha ɗayan dare, janareta yana ruri a bayan taga, yaro kuma yana kan tabarma a tsakiyar hirar manya. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40, kowa ya fito tsakar gida. Da damina kuma ga sauro. A ɗaura gidan sauro ko a waje aka kwana, kuma kada a mayar da masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na wata-wata ga 'yan ƙasa da shekara 5.

Abin da ya fi janareta hana yaro barci shi ne faɗan iyaye. Muna tsammani ya yi barci, alhali idonsa kawai ya rufe. Haka nan yaron da yau kaka ce ke kwantar da shi, gobe maƙwabciya, jibi yayarsa 'yar shekara takwas, kowa da lokacinsa. Ba laifi mutane da yawa su yi reno, haka aka rene mu, amma su yarda da lokaci ɗaya da tsari ɗaya: wanka, abinci, addu'a, kwanciya. Ban da shayi da dare, ban da waya a hannunsa.

Dattawa, ku yi mana haƙuri, wannan taku ce. In muka shirya addu'ar kwana ko koyon waƙa har dare, iyaye mata kan zo da goyo da na hannu. A keɓe ɗaki nesa da lasifika, a shimfiɗa tabarmi, mata biyu na zumunta su riƙa karɓa-karɓa wajen lura da su.

Yaron da ke minshari kowane dare, yana barci baki buɗe, ko numfashinsa yana ɗaukewa, a kai shi asibiti a duba hancinsa da maƙogwaronsa, ko da sai an je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kada a kai shi wurin wanzami cire beli, kada kuma a saya masa maganin mura a kemis don ya sa shi barci.