Isnadin Alƙaluma: Kwamfuta da Binciken Lafiya a Ƙasashenmu



Mas'alar da aka ɗora mini ita ce fa'idar na'urorin sadarwa na zamani ga binciken lafiya da koyar da shi a ƙasashe masu tasowa, kuma zan taƙaita bayani a kan abu uku, watau karatu, da ƙididdiga, da sharaɗin da in an rasa shi aikin duka ba ya albarka.

Game da karatu, dattawanmu ba su manta ba cewa tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da darajar naira ta faɗi, ɗakunan karatu na jami'o'i suka kasa biyan kuɗin mujallun likitanci, har ya zama ɗalibi yana kafa hujja da binciken da masu shi suka daɗe da sabuntawa. A watan Janairu na 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin HINARI tare da manyan kamfanonin ɗab'i shida, aka sanya mujallu wajen 1,500 a intanet domin makarantu da asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, wasu kyauta, wasu da rangwame. Kafin wannan, a 1998, an kafa dandalin AJOL domin mujallun da ake bugawa a Afirka su ma duniya ta gan su. Haka kuma shirin RAFT, wanda ya fara a Mali da taimakon asibitocin jami'ar Janeba, ya sa likitan da ke ƙauye yana sauraron darasi daga Bamako ba tare da ya bar marasa lafiyarsa ba.

Amma babin ƙididdiga ya fi kusa da mu, domin a ƙasarmu Nijeriya aka jarraba shi a yaƙin shan inna. A da, masu rigakafi suna fita ne da taswirar da aka zana da hannu, wadda sau da yawa babu rugar Fulani a cikinta, balle ƙauyen da ke kan iyakar gunduma biyu, wanda kowace take zaton na ɗayar ne. Daga 2012 aka shiga zana taswira daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wayar hannu mai rubuta inda suka taka, da yamma a kwashe bayanan a kwamfuta, sai ga unguwar da aka tsallake ta fito fili, a koma mata kafin zagayen ya ƙare. Wannan na cikin dalilan da suka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, shekara huɗu bayan masu cutar da aka gani na ƙarshe a Borno.

To, a nan ne sharaɗin yake. Malaman hadisi ba su karɓar riwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, kuma lalle alƙaluman lafiya riwaya ce mai isnadi. Adadin da mai bincike yake gani a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo take kula da ita kuma Nijeriya take tattara bayanan asibitocinta da ita, asalinsa rijista ce mai naɗaɗɗun gefuna a kan teburin asibitin ƙauye. Malamar asibiti guda ce ke yin awo, ta karɓi haihuwa, ta ba da magani, sa'an nan a ƙarshen wata ta zauna da fitilar waya tana ƙirga layi-layi, tana cika fom, a kai shi ƙaramar hukuma a kan babur, wani ya shigar da shi in an sami wuta. Idan ta gaji ta cika gurbi da kintace, kwamfuta ba ta da hanyar ganewa, sai ma ta ƙawata kintacen da zane mai launi, a kai shi gaban masu yanke shawara a kan rabon magani.

Abin da ke raunana wannan isnadi kuwa shi ne bayanai suna hawa sama ba su saukowa, alhali wanda bai taɓa ganin amfanin abin da yake rubutawa ba da wuya ya kiyaye shi.

Saboda haka shawarata uku ce. Na farko, a riƙa mayar wa kowane asibiti sakamakon alƙalumansa, cikin harshen da ma'aikatansa suke fahimta, domin su ga watan da zazzaɓin cizon sauro yake tashi a garinsu su shirya masa. Na biyu, makarantun koyon aikin jinya da na lafiyar al'umma su koyar da tsare rijista da karanta ƙididdiga kamar yadda suke koyar da allura. Na uku, duk wanda zai ba asibiti kwamfuta ya haɗa da wutar sola da kuɗin intanet na shekaru, kuma masu bincikenmu su kasance cikin masu nazarin bayanan da aka tara a ƙasarsu, da sunayensu a kan abin da aka buga.

Allah ya sa mu dace.