Marubucin da Ya Ƙi Dala 500,000

A shekarar 2011 wani marubucin Amurka mai suna Barry Eisler ya girgiza masu harkar littattafai. Kamfanin St. Martin's Press ya yi masa tayin dala 500,000 kan littattafai biyu, shi kuwa ya ce a kai kasuwa. Eisler, wanda ya taɓa aiki da hukumar leƙen asiri ta CIA, ya yi suna tun 2002 da labaran John Rain, wani makashin haya.

Lissafi ya yi. Amazon na ba marubucin da ya buga littafinsa da kansa kashi 70 cikin 100 na kuɗin littafin da aka saya a na'urar karatu ta Kindle, muddin farashinsa na tsakanin dala 2.99 da 9.99. Manyan kamfanoni kuwa kashi 25 suke bayarwa daga abin da ya shigo hannunsu, ga shi littafi kan shekara yana jiran fitowa.

Ni dai ina ganin ya yi daidai, guminsa ne. Abin da ke damuna shi ne, daga baya ya miƙa littafinsa The Detachment ga sashen ɗab'i na Amazon ɗin. Mai bugawa da mai sayarwa ke nan sun zama kamfani ɗaya, kuma shi ke yanke farashi.