Shirin Tafiya Ga Mai Keken Guragu Na Lantarki

Hausawa sun ce shirin zaune ya fi na tsaye. Babu wanda wannan magana ta fi shafa kamar mai keken guragu na lantarki. Wannan keke shi ne ƙafafunsa. Idan ya karye a hanya, ko aka hana shi shiga jirgi, to, tafiya ta tsaya, kuma mai shi ya koma hannun mutane.

Da farko, ya kamata matafiyi ya san haƙƙinsa. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga nakasassu. Dokar ta wajabta wa kamfanonin jiragen sama da ke aiki a Nijeriya su taimaka wa nakasasshe wajen hawa da sauka, kuma su gabatar da shi a kan sauran fasinjoji. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa domin ta lura da aikin dokar. Saboda haka wanda ya nemi wannan taimako ba bara yake yi ba.

Abu na biyu shi ne batir, kuma a nan ne yawancin matafiya ke tuntuɓe. Batir iri uku ne. Akwai mai ruwa, wanda ke zuba idan an karkata shi; irin wannan lalle ne keken ya tafi a tsaye, in kuwa ba hali, sai a cire batirin a sa shi cikin akwatin da ba ya yoyo. Akwai rufaffe wanda ba ya zuba, shi ne mafi sauƙin sha'ani. Sai na litiyam, wanda ba shi da nauyi, amma yakan kama wuta idan ya bugu ko wayoyinsa suka haɗu. Bisa ƙa'idar jiragen sama ta duniya, idan an cire shi daga keken, kada ƙarfinsa ya wuce wat-awa 300, kuma mai shi zai shiga da shi cikin jirgi a hannu, bayan ya liƙe bakin wayoyin. Lissafin ba wuya: a ninka yawan bolt da yawan amfiya-awa da ke rubuce a jikinsa. Misali, 24 sau 12 ya ba da 288, watau batirin ya tsira.

Na uku, a sanar da kamfanin jirgi aƙalla sa'o'i 48 kafin tashi. A faɗa musu irin batirin, da nauyin keken, da tsawonsa, da faɗinsa, da tsayinsa. Dalili kuwa shi ne, babban keke kan wuce kilo 100, kuma ƙofar ɗakin kaya ta ƙananan jirage gajeriya ce. Keken da bai shiga a tsaye ba, kwantar da shi za a yi, kuma a nan ne ɓarna ke aukuwa. A nemi amsarsu a rubuce, a riƙe ta tare da tikiti.

Ran tafiya a yi sammako. Kafin a miƙa keken, a ɗauki hotonsa ta kowane gefe, a cire sandar tuƙi da matashin zama a shiga da su cikin jirgi, sa'an nan a ɗaura takarda mai nuna wa ma'aikata inda za su kama su ɗaga, da yadda za su saki birki su tura shi. Idan an sauka, a duba keken tun ba a bar fili ba. A tafiyar ƙasashen waje, Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1999 ta ba matafiyi kwana 7 kacal ya kai kukan ɓarnar kaya a rubuce, kuma ta iyakance diyya. Don haka mai keke mai tsada ya bayyana ƙimarsa tun wajen awon kaya.

Haka kuma kada a manta da masauki. A tambayi faɗin ƙofar ɗaki da ta makewayi, da ko akwai matakala, da ko wuta na samuwa da dare. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, sai a duba abin caji tukuna. Mai tafiya ta mota ya tanadi katakon gangara da igiyoyin ɗaure keken, kana ya cika batir kafin fita.

Daga ƙarshe, ana roƙon direbobi da ma'aikatan tasha su tambayi mai keke kafin su taɓa shi, domin shi ya fi kowa sanin kayansa. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya, amin.