In Maigida Ya Rasu a Gidan Gwamnati, Ina Matsayin Iyali?

Yau zancenmu ba mai daɗin ji ba ne, amma ya zama dole, domin mutuwa rigar kowa ce. Da yawa daga cikinmu muna zaune a gidajen gwamnati, wasu a kwatas, wasu a lokos irin gidajen da aka gina zamanin Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983. To, ranar da aka ce babu maigida, wa ke da gidan nan?

Amsar tana ga irin zaman da ake yi, kuma iri uku ne. Na farko, gidan da aka ba shi saboda aikinsa. Wannan ba a gadonsa, na ma'aikata ne, kuma komai daɗewa za a nemi a tashi. Na biyu, gidan da ya karɓa haya daga hukumar gidaje. Na uku, gidan da aka sayar masa yana biya kaɗan-kaɗan, kamar yadda aka yi ta sayar wa ma'aikata gidaje bayan 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta koma ba su kuɗi maimakon gida. Wannan na ukun dukiyarsa ce. Sai dai a biya sauran bashin kafin rabo, domin bashi yana gaba da gado. Bayan nan matar aure tana da tumuni idan mamacin yana da 'ya'ya, ko rubu'i idan ba shi da su, kuma kishiyoyi tare suke raba wannan kaso.

Na hayar nan ne aka fi ruɗewa a kansa. A mazhabarmu ta Malikiyya, haya ba ta warwarewa don wanda ya karɓa ya rasu. Idan ya biya kuɗin shekara, ya rasu bayan wata 3, zaman sauran wata 9 ɗin haƙƙi ne da ya koma hannun magada. Ba gidan suka gada ba, zaman da ya rage suka gada. Idan wa'adin ya kusa cika, sai a je hukumar a nemi a mayar da sunan zuwa na uwargida ko na babban ɗa. Kada a ci gaba da biya da sunan mamaci shekara da shekaru, don ranar bincike babu abin da za a nuna.

Sai maganar takaba, wata 4 da kwana 10, ko zuwa haihuwa ga mai juna biyu. Littafin Risala, wanda ake karantawa a makarantun zaure, ya bayyana cewa mai takaba tana da haƙƙin zama a gidan idan na mijin ne, ko kuwa ya riga ya biya kuɗin hayarsa. Saboda haka idan ƙanin miji ya zo bayan sadakar bakwai ya ce ki haɗa kayanki zai zuba 'yan haya, ba shi da wannan ikon. Ki aika wa waliyyinki, in abin ya ƙi a kai gaban alƙali.

Na san mu matan kulle ba ma zuwa ofis, amma wannan ba zai hana mu sanin abin da ke cikin ɗakinmu ba. Ki samu lokacin da maigida yake cikin nishaɗi ki ce, "Malam, Allah ya ja kwana, gidan nan haya muke ko saye, kuma sunan wa ke jikin takardar?" Ki san inda takardar ba da gida take, da rasit na kowane biya. In ba ki iya karatun boko ba, yaronki ɗan makaranta ya karanta miki. Wannan ba fatan mutuwa ba ne, tanadi ne saboda yaran da za a bari.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya rufa wa marayu asiri. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.